Jinjina ga Alƙalin da Ya Rubuta wa Yaro Wasiƙa

A watan Yulin 2017 wani alƙalin babbar kotu a Ingila, Mai Shari'a Peter Jackson, ya gama sauraron wata shari'a ta riƙon yaro. Da lokacin yanke hukunci ya yi, sai ya ajiye salon da alƙalai suka gada, mai cike da lambobin sashe da sunayen tsofaffin shari'u, ya zauna ya rubuta wasiƙa. Wanda ya rubuta wa kuwa shi ne yaron da ake ja-in-ja a kansa, ɗan shekara 14, wanda kotu ta sakaya sunansa ta kira shi Sam. In ban da 'yar gajeriyar gabatarwa da aka ɗora mata, wasiƙar nan ita ce hukuncin. Ita ya karanta wa iyayen a zauren kotu, ita aka miƙa wa lauyan yaron domin a kai masa a zauna a tattauna da shi, ita kuma aka buga kowa ya gani. Yabon gwani ya zama dole, ko da kuwa akwai hamada da teku tsakaninka da gwanin.

Iyayen Sam sun daɗe da rabuwa. Yana zaune wurin mahaifiyarsa da mijinta, wato a bakinmu agola ne, yana kuma zuwa wurin mahaifinsa. Uban ya ƙudiri aniyar yin ƙaura zuwa wata ƙasa a yankin Sikandinebiya, can arewacin Turai, yana so ya tafi da ɗansa. Yaron ya ce shi ma tafiyar yake so. Hasali ma shi ya fara shigar da ƙara ta hannun lauyansa, domin dokar yara ta Ingila ta 1989 ta yarda yaro ya nemi izinin kotu ya kawo ƙara da kansa idan an ga hankalinsa ya kai. Daga baya ne uban ya karɓi ragamar ƙarar.

Kafin a shiga gundarin magana sai da aka yi gardama kan ko yaron zai ba da shaida. Shi yana so, ubansa yana so. Uwar da mijinta ba su so, haka ma jami'ar Cafcass, hukumar da aka kafa a 2001 wadda ma'aikatanta ke ganawa da yara su rubuta wa kotu abin da suka fahimta. Su a ganinsu alƙali ya gana da yaron a keɓe ya wadatar. Kowane ɓangare da hujjarsa. Wanda ya taɓa ganin yaro tsaye tsakanin uwarsa da ubansa ana jira ya buɗe baki ya san irin azabar da ke wurin. Wanda kuma bai manta yarintarsa ba ya san zafin a riƙa maganarka kana bayan ƙofa.

Ga dabarar da alƙalin ya yi. Ya ce yaron zai yi magana a gaban kotu tun a farkon zama, amma cikin iyayensa babu wanda zai yi masa tambaya baki da baki. Uba ya rubuta tambayoyi biyar, uwa ta rubuta biyar. Aka share fage da wasu biyar daga wajen lauyan yaron, sannan alƙalin da bakinsa ya gabatar masa da tambayoyin iyayen. Ba a cika rabin awa ba aka gama. Yaron ya amayar da abin da ke cikinsa, kowa ya ga ya amayar, daga nan ya bi 'yan makarantarsu wata tafiya ta sauran kwanakin makon, ya bar manya da shari'arsu.

A nan na fara sara wa mutumin. Tambaya ɗaya ce, amma tana da nauyi biyu. Idan uba ya dubi ɗansa ya ce, "Ba kai ka ce min kana so mu tafi ba?" abin da yaron zai ji shi ne, ka tsaya min ko ka ci amanata. Idan uwa ta ce, "Me na yi maka da za ka bar ni?" wannan kuka ne a cikin rigar tambaya. Da zarar baƙo mai furfura ya karɓi kalmomin nan ya faɗe su a natse, sai ƙayar ta fita, a bar tambayar tsura, yaro ya iya amsa ta ba tare da ya kalli idon kowa ba. Iyaka biyar da aka sa ma hikima ce. Iyayen da suka shekara suna faɗa suna da tambayoyi ɗari, tilasta musu zaɓen biyar kuwa tilasta musu tunani ne.

Bayan duk wannan karramawa, sai alƙalin ya ce a'a. Yaron ba zai tafi ba.

Dalilan da ya ba shi a wasiƙar, cikin Turanci mai sauƙi da ɗan sakandare zai karanta ba tare da ƙamus ba, sun zo ne kamar haka. Ya shaida masa cewa ra'ayin mai shekara 14 yana da nauyi sosai, kuma ya yaba da yadda ya yi bayani. Amma ya ce ya lura son da yake yi wa mahaifinsa da biyayyar da yake masa sun cakuɗu da abin da yake kira ra'ayin kansa, har ya zama da wuya a raba su. Ya nuna masa cewa uban bai bincika gida ba, bai bincika makaranta ba, bai bincika aikin yi ba a ƙasar da yake son kai shi. Shi kuma yaron ba ya jin harshen ƙasar, rabonsa da ita tun yana ƙarami. A inda yake kuwa yana da makaranta da abokai da gidan da ake kula da shi. Saboda haka ya hukunta ya ci gaba da zama wurin mahaifiyarsa, ya riƙa zuwa wurin uban a ƙarshen mako, a tsallake ɗaya a je ɗaya. Ya kuma hana kowa, har shi yaron, sake kawo ƙara a kansa ba tare da izini ba sai watan Satumban 2019, lokacin da zai gama jarrabawar da ake yi a shekara sha shida, wadda suke kira GCSE. Can a ƙarshe ya sako 'yar raha, ya ce shi da uban sun gano ashe akwai wani fim na barkwanci na Amurka da dukansu suke so. Wato dai yana gaya wa yaron cewa bai tsani mahaifinsa ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ina amfanin jin ta bakin yaro tunda ba a yi abin da yake so ba? Malaman fiƙihunmu sun riga Turawa tauna wannan tsakuwa. Ibnul Ƙayyim ya kawo a Zadul Ma'ad wani labari da ya ji daga malaminsa Ibn Taimiyya. Wasu iyaye sun yi jayayya kan ɗansu a gaban alƙali, alƙalin ya ba yaron zaɓi, yaron ya zaɓi uba. Sai uwar ta roƙi alƙali ya tambaye shi dalili. Yaron ya bayyana cewa uwarsa kullum tura shi makaranta take yi malam yana dukansa, ubansa kuwa barinsa yake ya yi wasa da yara. Alƙali ya mayar da shi wurin uwar. Duba da kyau, amsar yaron ce ta yanke shari'ar, duk da cewa zaɓinsa bai ci ba. Da ba a tambaye shi ba, da ba a san abin da ke faruwa a gidajen biyu ba. Haka ta faru da Sam bayan ƙarni bakwai: daga bakinsa alƙali ya gane inda maganarsa ta tsaya da inda ta ubansa ta fara.

Mu kan ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko, mu kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, ba na musu. Sai dai mun mayar da karin maganan nan murfin tukunya, da zarar yaro ya buɗe baki sai mu kifa masa. Peter Jackson ya yarda da su ɗari bisa ɗari, tunda ya hango abin da yaron bai hango ba kuma ya yi hukunci da shi. Bambancinsa da mu shi ne ya sauko ya kwatanta wa yaron abin da ya hango, dalla-dalla, ya sa hannu da sunansa. Babba mai gaskiya ba ya tsoron faɗin dalilinsa. Gabatarwar hukuncin ta nuna cewa yaron ya karɓi sakamakon ba tare da wani tashin hankali da aka gani ba.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai wurare biyu a wasiƙar da suka tsaya min a maƙogwaro. Na farko, alƙalin ya faɗa wa ɗa aibin ubansa a rubuce, a takardar da za ta daɗe fiye da su duka. Bahaushe zai ji wannan da nauyi, ni ma na ji. Na yi ta juya abin, na ga cewa babu yadda za a yi ya bayyana dalilin hukuncinsa ba tare da ya taɓo halin uban ba, kuma ya yi ƙoƙarin haɗawa da faɗin alherinsa. Duk da haka, duk alƙalin da zai kwaikwaye shi sai ya san cewa wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma ba kowane hannu ne zai riƙe ta bai yanki zumunci ba. Na biyu, yaron da aka yaba wa hankalinsa shi ne kuma aka rufe wa ƙofar kotu shekara biyu, sai da izini. An yi ne don ya huta ya fuskanci karatu, na gane. Amma shekara biyu a rayuwar ɗan sha huɗu tafiya ce mai nisa.

Babban aikin da ya rage kuwa ya fi ƙarfin alƙali ɗaya. Wasiƙar ta zaga duniya ne saboda baƙon abu ce, kuma wannan shi kansa abin kunya ne ga tsarin da ya haife ta. Dokar 1989 ta jera abubuwan da kotu za ta duba wajen tantance maslahar yaro, kuma na farko a jerin shi ne buri da jin zuciyar yaron, gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa. A takarda ke nan. A aikace, wani rahoto da cibiyar binciken shari'ar iyali ta Nuffield ta fitar a 2024 ya nuna cewa kusan rabin yaran da iyayensu suka kai juna kotu a Ingila da Wales babu wata alama a rubuce da ke nuna an nemi jin ta bakinsu. Tun watan Afrilun 2013 kuma gwamnati ta janye tallafin lauya kyauta daga yawancin shari'un da ke tsakanin iyaye, sai inda aka kawo shaidar cin zarafi. Sakamakon haka iyaye da dama su ke tsayawa da kansu a gaban alƙali, kowa da fushinsa, babu mai ja musu birki, muryar yaro kuwa ta nutse a cikin hayaniya.

An fara motsi, ba zan hana su nasu ba. A 2022 an soma gwada wani sabon tsari a Dorset da arewacin Wales, inda tun farkon shari'a ake tattara bayani kan halin da yaron ke ciki kafin iyaye su gama wasa wuƙaƙensu. A farkon 2025 kuma shugaban sashen shari'ar iyali na lokacin, Sir Andrew McFarlane, ya fitar da jagora ga alƙalai kan yadda za su rubuta wa yara. Kusan shekara takwas ke nan tsakanin wasiƙar Sam da wannan jagora. Yaron da yake ɗan goma a 2017 ya zama baligi kafin a gama shawara. Jagora kuma ba wajibi ba ce. Muddin bayyana wa yaro hukuncin da aka yi a kansa ya dogara ga kirkin alƙalin da Allah ya haɗa shi da shi, to sa'a ce, ba a kira ta haƙƙi ba tukuna.

Ba zan rufe ido in yi kamar maganar ba ta shafe mu ba, domin kalmar agola da na yi amfani da ita a sama ba daga Ingila na aro ta ba. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya karanta Risala ya san hukuncin mazhabar Malikiyya: bayan rabuwar aure riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙon ya koma wurin kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, ciyarwa kuwa tana kan uba ko ina yaron yake. Namiji idan ya balaga an sakar masa mara ya zauna inda ya ga dama. Shafi'iyya kuma, bisa hadisin Abu Huraira da ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba wani yaro zaɓi tsakanin iyayensa, suna ba yaro zaɓi tun ya kai shekarun wayo, wajen bakwai. Maroko, ƙasar Malikiyya irinmu, ta rubuta a sashe na 166 na dokar iyalinta ta 2004 cewa yaron da ya cika shekara 15, namiji ko mace, shi zai zaɓi wanda zai riƙe shi cikin iyayensa. Masar ma tun 2005 ta tsayar da shekara 15 a matsayin lokacin da alƙali zai ba yaro zaɓi. Saboda haka wanda ya ce jin ta bakin matashi baƙuwar al'ada ce da aka shigo mana da ita, bai leƙa littattafan da ke kan kantar gidansu ba.

Abin da muke yi a gidajenmu daban. Aure ya mutu da safe, da yamma an raba yara kamar kayan ɗaki. "'Ya'yana ne, ki ajiye min su." Wannan a kai shi wurin goggo, wancan a bar shi hannun matar uba, babbar kuma a ce ta zauna ta taya aiki. Yawanci ma maganar ba ta isa gaban alƙali, a zaure ake gama ta tsakanin kawunnai, ko a gaban mai unguwa, ko a ofishin Hisba. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, jihohi suka yi ta ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, Kano ta sa hannu a kan tata a 2023. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ta ce a duk shari'ar da ta shafi yaron da zai iya bayyana ra'ayinsa a ba shi damar a ji shi. Dokoki dai ba su yi mana ƙaranci ba.

Sai dai ko an tambayi ɗan Bahaushe, akwai wani shinge da Sam bai sha fama da shi ba, wato kunya. Ka tsayar da yarinya 'yar sha biyar a gaban mahaifinta da baffanninta da alƙali mai rawani ka ce, "Ke, wurin wa kike so ki zauna?" Za ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, in an matsa ta ce, "Duk abin da Baba ya ce." Magatakarda ya rubuta cewa an tambaye ta ta amince. Wallahi ba a tambaye ta ba. An dai sa ta sa hannu a kan abin da aka riga aka gama. Shi ya sa nake ganin darasin da ya fi mana amfani a shari'ar Sam shi ne dabarar tambayoyin nan, fiye ma da wasiƙar. A fitar da iyaye. A samo dattijuwar da yarinyar ba ta jin nauyinta, malamar makarantarsu ko ta Islamiyya, ta zauna kusa da ita. Kada a ce mata wa kika fi so, domin wannan tambaya ce da ɗan halak ba ya amsawa. A tambaye ta wa ke tashinta da asuba, wa ke biyan kuɗin jarrabawa, ina take kwana, su nawa ne a ɗakin, in ba ta da lafiya wa take gaya wa, ƙannenta suna ina. Amsoshin za su nuna hanya, kamar yadda amsar yaron nan na labarin Ibnul Ƙayyim ta nuna. Sannan idan an yanke, ko alƙali ne ko kawu ne ya yanke, a kira ta a zaunar da ita a ce, ga abin da muka yanke, ga dalili, ga ranar da za ki ga mahaifiyarki, ga wanda za ki gaya wa idan an saɓa. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ba sai an iya rubuta wasiƙa ba.

Muna aji uku na sakandare wani abokina ya dawo daga makaranta ya tarar da kayansa a ƙulle cikin buhu a zaure. Iyayensa sun rabu wata biyu kafin nan, yana zaune da uban da amaryarsa. Aka ce masa mota na jira, za a kai shi wurin goggonsa a wani gari. Ko uniform bai cire ba. Goggon ta riƙe shi riƙo na amana, ta tsaya masa har ya gama jami'a, kuma shi da bakinsa yana cewa da an bar shi a gidan nan da ya lalace. Yau yana da 'ya'ya biyar. Kwanaki muna hira a wajen wani ɗaurin aure maganar ta taso, sai ya yi shiru, can ya ce min ya so ya tambayi mahaifinsa ko shi ya nemi a tafi da shi, ko amaryar ce, ko goggon ce ta ga halin da yake ciki ta roƙa. Kullum sai ya ce bari sai wata zuwan. Uban ya rasu, goggon ta rasu, kawun da ya rako shi tasha shi ma ya rasu bara.